Hancin Aro

Shekara goma sha tara ina sayar da iska
a bakin hanyar Dukku, gindin dogon yaro.
Na ɗauka na san ta.
In taya ta sace, in tsoma tif a kwatarniya,
in bi kumfa har bakin ramin.
Rami abin toshewa ne, haka maigidana ya koya mini.

Sai ga likita ya huda rami da hannunsa
a wuyan Nuhu, ƙasa da maƙogwaro,
ya zura bututu bai kai ɗan yatsana ba,
ya ce: wannan kada ka bari ya toshe.

Ranar sallama Sista Rifkatu, 'yar Kaltungo,
ta kama hancinta da yatsu biyu.
"Baban Nuhu, mene ne aikin wannan?"
Na ce sansanar miya da fyace majina.
Ta ce, "Mai masaukin iska ne.
Shi ke ba baƙuwa ruwa, ya ɗumama ta,
ya karkaɗe mata ƙafa kafin ta shiga ɗakin huhu.
Wajen ɗanka ta ƙofar baya take shigowa,
ba sallama, da ƙishinta.
In ba ku shayar da ita ba,
daga jikinsa za ta sha."

Muka koma Bolari tsakiyar bazara,
kwano na ƙas-ƙas da azahar,
tsumman da aka jiƙa ya bushe kafin a idar da salla.
Majina kan kafe a bututun
kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Sun ba mu hancin aro,
ɗan farin abu kamar kan zaren tela.
Yana riƙe damshin numfashin da ya fita
ya mayar wa wanda zai shiga.
Ban taɓa ganin mai biyan bashi da wuri haka ba.
Nuhu ya cire, ya jefa ƙarƙashin gado.
Kaltume ta ɗauko sabo.
Ya cire.

Kukansa ba murya.
Fuska ce kawai ke yamutsewa, baki a buɗe.
Uwarsa ta ɗaura masa ƙararrawa a idon sawu,
da ƙafa yake kiranmu.

Daren Talata, ƙarfe biyu, ba wuta,
ba ƙararrawar ce ta tashe ni ba.
Wani siririn fito ne,
irin wanda kunnena ke tsamowa cikin rurin tireloli.
Na buga wa Ɗanjuma mai aski ƙofa ba takalmi,
muka jawo waya daga janaretansa ta kan katanga.
Kaltume ta karya kan 'yar robar ruwan gishiri,
na kemis, ba na rijiya ba, ba na mai garuwa ba,
Sista ta maimaita mana wannan sau uku.
Inji ya yi gurnani, hazo ya taru a wuyan yaro.
Muka jira.
Ni da kan cika tayar tirela ina hira,
na ƙirga numfashi arba'in hannuna na rawa
kafin abin ya yi laushi,
ta zuƙo shi, guntu bai kai ƙwayar gero uku ba.

Kai Nuhu,
mai sunanka ruwa ya tsere wa a jirgi,
kai kuwa cokali guda muke bi da rokon Allah.

Jiya hadari ya taso daga wajen Kumo.
Ruwan fari. Unguwa ta fito shaƙar ƙamshin ƙasa.
Na ɗauke shi zuwa bakin zaure, nesa da feshi.
Hancinsa bai ji komai ba, iska ba ta nan take bi ba.
Amma na ɗora kunne a bayansa,
yadda nake yi wa taya bayan faci.
Shiru.
Sai ƙararrawar, yana wasa da ƙafa.